Tarihin Idon Kamara, da Darasi ga Matashin da Zai Sayi na Farko



A ƴan shekarun nan samari da ƴan mata da yawa sun shiga sana'ar ɗaukar hoto. Da wuya ka je bikin aure, ko suna, ko saukar karatu, ko taron siyasa, ba ka ga matashi rataye da kamara a wuya ba. Madalla, sana'a ce ta halal. Sai dai akwai wata asara da ake ta maimaitawa. Yaro ya yi wata da watanni yana tara kuɗɗi, ko uwa ta sayar da akuyarta ta ba shi jari, ya sayi kamara, sauran kuɗɗin kuma ya zuba su kan gilashi mafi tsawo da ya gani a shago, don a gan shi a ce ƙwararre ne. Ranar da aka kira shi aikin farko, daren sa lalle cikin ɗaki bayan isha'i, hotunan su fito da duhu, fuskoki duk sun narke. Aure kuwa ba a sake shi don mai hoto ya gyara aikinsa. Ya rasa kuɗɗinsa, ya rasa sunansa a unguwa.

Gilashin nan da ake ɗaurawa a bakin kamara, mu nan muna ce masa objektif, a Kano da Katsina suna cewa lens. Bari mu kira shi idon kamara. Yau tarihinsa za mu bi, domin wanda ya san dalilin da ya sa aka ƙera kowane iri, mai shago ba ya ruɗinsa da tsawo.

Tun kafin a san hoto

Labarin ya faro ne daga wani malami Musulmi, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Masana da yawa kafin shi suna cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abu. Shi kuwa a littafinsa Kitabul Manazir ya kawo hujja cewa hasken daga abu yake tasowa ya shiga ido. Ya yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda aka huda masa ƙaramin rami: hasken da ke waje ya bi ramin ya faɗa bango, na dama ya koma hagu, na sama ya koma ƙasa. Duk wanda ya taɓa kwanciyar rana cikin ɗakin ƙasa mai hudajjen ƙyaure, ya ga inuwar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa, to ya ga kamarar farko.

Matsalar ramin ita ce: in ƙarami ne, sura ta fito amma da duhu, in an faɗaɗa shi, haske ya ƙaru amma surar ta dagule. A ƙarni na 16 Italiyawa suka sa gilashi mai ƙumbo a bakin ramin. Wani mutumin birnin Benis, Daniele Barbaro, ya rubuta a 1568 cewa in aka rufe gefen gilashin aka bar tsakiya, surar ta fi fitowa sarai. Ku riƙe wannan, don cinikin da ke tsakanin yawan haske da tsabtar sura shi ne har yau mai hoto yake yi a kowane biki.

Titin da ya zama kufai

A Faransa ne aka fara kama surar ta zauna. Nicéphore Niépce ya ɗauki abin da ake gani daga tagar gidansa wajen 1826 zuwa 1827, kuma sai da farantin ya yi sa'o'i masu yawa yana shan rana. Abokin aikinsa Louis Daguerre ya rage lokacin zuwa mintoci, aka bayyana hanyarsa ga duniya a Paris ranar 19 ga Agusta 1839.

Akwai wani hoton Daguerre na 1838, na wani babban titin Paris mai suna Boulevard du Temple. Titi ne mai cunkoson mutane da kekunan doki, amma a hoton fayau yake kamar an yi shara. Duk abin da ke motsi ya ɓace, don bai tsaya gilashi ya gama shan haskensa ba. Wanda ya fito sarai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Kun ga cutar da ke narkar da fuskar amarya a hoton yaronmu na yau, ita ce ta share mutanen Paris: haske kaɗan, lokaci mai tsawo, mutum ya motsa.

Jama'a kuwa abin da suke so shi ne hoton fuskarsu. Masu situdiyo har ƙarfe suke kafawa bayan kujera ya riƙe ƙeyar mutum kada ya girgiza. Maganin ya zo a 1840 daga Joseph Petzval, malamin lissafi a jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya. Kafin shi masu gilashi gwaji suke yi, a wasa, a duba, a sake. Shi zama ya yi da alƙalami ya lissafa yadda haske zai karya a cikin gilasai 4, har aka ba shi aron sojojin igwa da suka iya lissafi suka taya shi. Idon da kamfanin Voigtländer ya ƙera bisa lissafinsa ya fi na Daguerre shan haske sama da ninki 15. Zaman hoto ya sauko ƙasa da minti guda, sana'ar situdiyo ta buɗe a Turai da Amurka.

A nan ya kamata mu fahimci lambar nan da ake rubutawa da harafin f. Idon Daguerre yana wajen f/15, na Petzval f/3.6. Lambar tana nuna girman ƙofar da haske ke bi, amma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Tsawon idon ake rabawa da faɗin ƙofar. Idon milimita 50 da ƙofarsa ta buɗe milimita 25, shi ne f/2. Ke nan babban ci gaban farko a tarihin wannan gilashi kan ƙofar haske aka yi shi. Ba a ma fara zancen jawo nesa ba.

Yadda lamba 50 ta zama gwani

Ƙarshen ƙarni na 19 gilashi ya ƙara gyaruwa. A Ingila Dennis Taylor ya fito da mai gilasai 3 a 1893. A Jamus Paul Rudolph na kamfanin Zeiss ya fito da Planar a 1896, da Tessar a 1902. A Amurka kuma George Eastman ya bi ta wata hanya: Kodak a 1888, sannan Brownie a 1900, akwatin kwali mai gilashi ɗaya tal, kuɗinsa dalar Amurka 1. Hoto ya shiga hannun talaka.

Sai Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus. Mutum ne mai ciwon asma, ɗaukar manyan akwatunan kamara na wahalar da shi. Ya ƙera ƴar ƙaramar kamara mai aiki da pelikil ɗin silima, kowane hoto milimita 24 da 36. Ita ce Leica, ta shiga kasuwa a 1925 da ido na milimita 50.

Me ya sa 50? Lambar milimita tana gaya maka faɗin abin da idon ke kwasowa. Ƙaramar lamba, kamar 24 ko 28, tana kwaso fili mai faɗi. Babbar lamba, kamar 200 ko 300, tana yanko ɗan wuri ta cika hoto da shi. In ka auna pelikil ɗin Barnack daga kusurwa zuwa kusurwa, milimita 43 ne. Idon da tsawonsa ya yi kusa da wannan, hotonsa yakan zo kusa da yadda mutum ke ganin nisa da girman abubuwa. Shi ya sa har zuwa shekarun 1980, in ka sayi kamara mai canjin ido, galibi da 50 take zuwa.

Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda ake lissafawa cikin manyan masu hoton ƙarni na 20, ya yi kusan shekara a Kodibuwa yana matashi, zazzaɓi ya kusa kashe shi. Da ya koma gida ya sayi Leica a farkon shekarun 1930, kuma mafi yawan aikin rayuwarsa da idon 50 ya yi shi. In yana son abu ya matso, da ƙafarsa yake matsawa.

Namu na gida: Bamako da Yamai

Ba sai mun tsaya Turai ba. A Bamako, Seydou Keïta ya samu kamararsa ta farko a 1935, Kodak Brownie da kawunsa ya zo da ita daga Sanigal. A 1948 ya buɗe situdiyo a gidansu. Babbar kamara yake aiki da ita mai ba da hoto santimita 13 da 18, mafi yawa a tsakar gida da hasken rana, zane mai ado a baya. Saboda tsadar kaya, sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Ƙwarewarsa tana wajen yadda zai zaunar da mace, inda zai ajiye hannunta, ta wane gefe haske zai faɗo mata. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka baje hotunansa a Grand Palais na Paris.

Malick Sidibé shi ma da Brownie ya fara a 1956. Da dare ya hau keke ya bi wuraren rawar samarin Bamako da fitilar filashi, da asuba ya wanke hotuna. Tun yana yaro ya rasa ido ɗaya, amma shi aka yi wa laƙabi da idon Bamako. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a Benis saboda aikin rayuwarsa, ya rasu a 2016.

A nan Nijar muna da Philippe Koudjina, wanda ya zauna Yamai tun gab da samun ƴancin kai na 1960. Shi ya ɗauki rayuwar daren Yamai ta shekarun 1960 da 1970, wuraren rawa, mawaƙa, sojoji, samari da ƴan mata cikin kwalliya. Situdiyonsa Photo Souvenir ne sunansa. Hotunansa masu kusurwa huɗu daidai ne, irin na kamarar Rolleiflex. Dattawanmu sun san ta: mai ido biyu, na sama don dubawa, na ƙasa don ɗauka, mai hoto ya riƙe ta a ciki ya sunkuyar da kai yana leƙawa. Idonta a manne yake, ba a canza shi, kuma pelikil guda hoto 12 kacal yake bayarwa. Da injinan wanke hoto mai launi suka shigo a shekarun 1980, kasuwar masu baƙi da fari ta mutu, Koudjina ya ƙare rayuwarsa cikin rashi, ya rasu a Yamai a 2014. Amma in yau ana son a ga yadda Yamai take a farkon ƴanci, hotunansa ake nema.

Ku duba mutanen nan uku. Kowanensu ya san idon kamararsa kamar yadda mahauci ya san wuƙarsa. Kafin ya ɗaga kamara ya riga ya san inda zai tsaya.

Zuwan zum da abin da ya ci

A 1950 Bafaranshe Pierre Angénieux ya fito da tsarin da ya ba da damar sa ido mai faɗi a kamarori masu madubi a ciki. A 1959 kamfanin Voigtländer, wanda ya ƙera na Petzval, ya fito da zum na farko na ƙananan kamarorin hoto, mai tafiya daga milimita 36 zuwa 82. Ido ɗaya ya yi aikin uku, ka murɗa ka jawo, ka murɗa ka tura. Daga baya Japanawa suka karɓe kasuwar: Nikon F a 1959, Minolta 7000 mai saita kanta a 1985, tsarin EOS na Canon a 1987. A 2003 Canon ya fito da kamarar dijital EOS 300D tare da zum na 18 zuwa 55 a farashin da bai kai dalar Amurka 1,000 ba. Tun daga nan 18-55 ya gaji kujerar 50, shi ne ake haɗo maka a kwali.

Amma zum mai araha da haske yake biyan sauƙinsa. Karanta abin da aka rubuta a bakinsa: 3.5-5.6. Ma'ana in ka jawo zuwa 55, ƙofar ba ta wuce f/5.6. Dogayen nan na 70-300 ko 75-300 da samarinmu ke sha'awa su ma a ƙarshensu 5.6 ne ko fiye. Idon 50 mai f/1.8 kuwa, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, ya fi f/5.6 shan haske kusan ninki 10. Ga kuma girgizar hannu: gwargwadon tsawon ido, gwargwadon yadda rawar hannunka ke fitowa. A milimita 300 kana bukatar saurin wajen kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa. Ina za ka samu wannan hasken a ɗakin amarya mai ƙwan fitila ɗaya, balle an ɗauke wuta?

Akwai wani abu kuma da masu shago ba su cika faɗa ba. Lambobin nan duka a kan ma'aunin Barnack na 24 da 36 aka saba auna su. Kamarorin da mai farawa ke iya saye, irin Canon 600D, 1300D, 2000D ko Nikon D3100, D3500, D5300, faifan da ke karɓar haske a cikinsu ya fi haka ƙanƙanta. Sai ka ninka lambar da 1.5 a Nikon, da 1.6 a Canon. Ke nan 50 a kansu yana gani kamar 75 ko 80, shi kuma 35 shi ne ke zama kamar 50 ɗin su Cartier-Bresson.

To wanne za a fara saye?

Tarihin ya riga ya ba da amsa: kowane ido an ƙera shi ne don wani aiki. Sai ka tambayi kanka aikin da za a biya ka.

Da farko kada ka raina 18-55 da ya zo da kamara. Da rana, a filin ɗaurin aure ko hoton jama'a a ƙofar gida, yana aiki sosai. Yi wata biyu ko uku da shi. Kamara tana rubuta milimitar da ka yi amfani da ita a jikin kowane hoto, sai ka duba hotunan da suka fi yi maka kyau ka ga wace lamba ce ke yawan dawowa. Ita ce za ta gaya maka abin da kake bukata.

In aikinka biki ne da suna, sayenka na farko ya zama ido marar zum mai f/1.8. Ɗakunanmu ƙanana ne, ga gado ga kabad ga jeren kwanoni. Da 50 za ka yi ta ja da baya har bayanka ya bugi bango ba ka kwaso mutum uku ba. A cikin ɗaki 35 ya fi, ko 24 mai f/2.8 ga masu Canon. Shi 50 gwanin hoton mutum ɗaya ne a tsakar gida, daga ƙirji zuwa sama: fuska ta fito daidai, baya ya lumshe. Yau kowa a biki yana da salula, kuma babban idon salula mai faɗi ne, wajen 24 zuwa 28, shi ya sa in an matso da ita kusa hanci yake girma kunnuwa su ja baya. Abin da za ka fi salula da shi ke nan, kuma shi ne za a biya ka dominsa. Amma a kula: a f/1.8 wurin da ke fita sarai siriri ne. In ƙawayen amarya sun jeru sahu biyu, rufe zuwa f/4 ko f/5.6 ka ƙara haske da filashi, in ba haka ba na baya za su zo suna cigiyar fuskarsu. Maganar Barbaro ce ta 1568.

Dogon ido yana da ranarsa. In kana son ɗaukar kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba za a bar ka ka shiga tsakiyar fili ba. Haka hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko ƙwallo, ko raƙuman dawa na Kure. Duka da rana ake yi, haske ya wadata, 55-250 ko 70-300 zai yi maka aiki. Amma ya zama saye na biyu ko na uku, bayan sana'a ta fara mayar da jari. Kafin nan ana iya aro ko haya wajen abokan sana'a.

Yawancinmu na hannu muke saye, daga Kano, Kwatano ko Lome. A nan ma tarihi yana da amfani. Kowane kamfani da irin bakinsa. A 1987 Canon ya canza baki gaba ɗaya, tsofaffin idanun FD ba su hawa kamarorin EOS. Nikon ya riƙe bakinsa na 1959, amma ƙananan kamarorinsa na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jiki, don haka tsohon ido mai alamar AF-D zai hau amma sai ka saita da hannu. Nemi mai AF-S. A 2018 kuma kamfanonin biyu suka fito da sabon baki na kamarori marasa madubi, RF da Z, waɗanda ba su hawa tsofaffin kamarori. Saboda haka kada ka biya sai ka ɗaura shi a kamararka ka ɗauki hoto. Haska fitilar salula ta cikinsa: ƴar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo, naman gwari ne da damshin bakin teku ke haifarwa, ajiye musu kayansu.

Sai kula da shi. Launin shuɗi ko kore da kake gani a fuskar gilashi wani siririn shafi ne da Alexander Smakula na Zeiss ya ƙirƙiro a 1935 don rage ƙyalli. Ƙurar hunturu yashi ce, in ka goge da bakin riga ko rawani, kankare shafin kake yi. A hure ƙurar tukuna da ƴar robar busa iska, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Kada ka canza ido a fili lokacin iska, shiga ɗaki ko mota, bakin kamara yana kallon ƙasa.

Daga ƙarshe, kira ga iyalan tsofaffin masu situdiyo na Maraɗi, Damagaram, Tasawa, Ƙonni da Tawa. Pelikil ɗin da ke cikin akwatunan iyayenku tarihin garuruwanmu ne, kada a bar wa gara da zafi, kada a zubar. Ku kuma samari masu farawa, ku je ku gaida dattawan nan da suka rage, ku tambaye su yadda suke auna haske ba tare da allo ba. Za ku koyi abin da ba a sayarwa a shago.